'Yar Wake Da Igiyar Awo

Wadda ke tsintar shinkafa ta ci gaba da tsintarta, mai goyo ta gyara goyonta. Wadda kuwa ke gyaran wake, to yau da ke za a yi, don labarin wake na zo da shi.

Kwanakin baya na je sunan wata 'yar ajinmu ta makarantar kwana. Mun haɗu mu kusan goma, wasu rabona da su tun ranar da muka ɗauki akwatunanmu muka fito. Aka shimfiɗa mana tabarma a ɗakin mai jego, aka yi ta hira da shewa. Da aka kira la'asar muka tashi yin alwala, a nan na ga abin da ya sa na kawo maganar yau. Dukkanmu 'yan shekara talatin da ɗoriya ne, amma kowacce sai ta dafa ƙasa, ta dafa gwiwa, ta ce wash, sannan ta miƙe. Ni ma ban tsira ba. Mutum ɗaya ce ta tashi tsam ba ta dafa komai ba, kuma haihuwarta huɗu. Ba zan faɗi sunanta ba don ta roƙe ni, amma laƙabin da muka sa mata a makaranta shi ne 'Yar Wake, kuma har yau in an kira ta da shi tana amsawa.

Bari in ɗan mayar da ku makarantar, don wadda ba ta yi kwana ba ta ji yadda abin yake, wadda ta yi kuma ta tuna. Tun kafin asuba ake kaɗa ƙararrawa. Kowacce ta ɗauki bokitinta ta nufi famfo, famfon kuwa ba kusa da ɗakin kwana yake ba, in ya ƙi kawo ruwa sai rijiya da guga. Ki yi wanka, ki yi salla, ki share inda aka yanka miki, sannan ki ruga wajen taron safe kafin siniya ta tare ki a hanya. Ranar Asabar akwai gudun safe, mu zagaye filin wasa muna haki muna tsine wa wanda ya ƙirƙiro shi. Bayan gudun sai wankin ɗaki da goge-goge saboda masu zuwa dubawa. Da damina ga yankan ciyawa da langa-langa har tafin hannu ya yi kanta. Babu wadda ta taɓa kiran wannan motsa jiki. Wahala muke ce masa, kuma kullum addu'armu Allah ya kawo ranar da za mu huta.

Abinci kuwa, da safe koko ne, wani lokaci da ƙosai biyu. Da rana shinkafa da wake, ko wake zalla. Da dare gabza da miyar kuka tsululu wadda za ki iya hango ƙasan kwano ta cikinta. Ba zan yi wa abincin nan kwalliya ba. Bai isa ba, ba shi da daɗi, kuma waken nan ƙwari ke yawo a samansa, sai kin kwashe su da cokali kafin ki kai baki. Yawancinmu ranar wake ba ma leƙa ɗakin cin abinci. Mu koma ɗaki mu jiƙa garin kwaki, mu zuba suga, mai gata ta barbaɗa madara ko ta jefa ƙuli-ƙuli. Ita kuwa wannan baiwar Allah sai ta bi teburi tana tattara waken waɗanda ba su zo ba, ta zauna ta tsince ƙwarin tsaf, ta zuba yajinta, ta cinye. Daga nan sunan ya samo asali. Da muka kai ajin ƙarshe ita aka naɗa shugabar ɗakin cin abinci, muka ce ai an ba kura ajiyar nama.

Muna aji huɗu wata yarinya a ɗakinmu ta fara faɗuwa a wajen taron safe. Yau ta faɗi, jibi ta faɗi. Nan da nan magana ta bazu cewa iska ce, wasu har sun daina kwana kusa da gadonta. Malamarmu ta tattalin gida, wata dattijuwa mai ɗan lambu a bayan ajinta, ita ce ta kira yarinyar, ta ja fatar idonta ta ƙasa ta duba, ta juya tafin hannunta, ta duba farcenta. Duk sun yi fari fat. Ta sa aka kai ta asibiti aka auna jininta, aka ce jini ya yi ƙasa ƙwarai. Ashe yarinyar ta fara al'ada, jinin kuma yana zuba da yawa, ga shi kusan wata uku ba abin da take ci sai gari da suga da biskit. Aka ba ta maganin ƙarin jini, malamar kuma ta ɗora ta a kan wake da ganyen lambunta. Kafin ƙarshen zangon faɗuwa ta tsaya. 'Yar Wake ce aka sa ta riƙa raka ta tana tabbatar da ta ci, kuma ta gaya mini tun daga lokacin abin ya shiga ranta, yadda abin da ke cikin kwano zai iya kayar da mutum ya kuma tashe shi.

Likita ta so zama, makin bai kai ba. Sai ta samu gurbi a wata kwalejin kimiyya da fasaha, sashen ilimin abinci mai gina jiki. A gidansu aka yi ta yi mata dariya, wai duk kuɗin da aka kashe ashe girki za ta je koyo, ai da an bar ta a madafin uwarta. Ana tsakiyar karatun aka yi mata aure, ta ƙarasa da goyo a baya. Yanzu tana aiki a asibiti, ita ake tura wa masu ciwon suga da hawan jini da masu juna biyu bayan likita ya gama da su, ta zauna da mace ta tambaye ta me ta ci jiya tun daga safe har dare, sannan su tsara abin da zai yiwu da abin da ke gidan. Da yamma kuma, kwana uku a mako, matan unguwarsu na taruwa a tsakar gidanta, ƙofa a rufe, babu namiji ko ɗaya, tana koya musu motsa jiki. In kina da 'ya mai son kimiyya, ki san akwai wannan fannin, ana karanta shi a jami'o'i da kwalejoji, kuma aiki ne da mata suka fi sakin jiki da mace 'yar uwarsu a cikinsa.

Na tambaye ta wace irin mace ta fi gani a ofishinta. Ta ce iri biyu ne, kuma sau da yawa daga gida ɗaya suke fitowa. Ta farko yarinya ce mai ciki ko mai shayarwa, ta rame, tana jiri, numfashinta na sama-sama in ta ɗan yi shara. Ta biyu uwargida ce da ta haura arba'in, jiki ya yi nauyi, gwiwa na ciwo, an auna an ga suga ko hawan jini. Abin da ya fi ba ta tausayi, in ji ta, shi ne sau da yawa ta farkon ce ke zama ta biyun bayan shekara ashirin. Babban binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna hakan a lissafi: a cikin mata 100 masu shekara 15 zuwa 49, kimanin 58 na da ƙarancin jini, 12 sun rame fiye da kima, 28 kuma nauyinsu ya wuce yadda ya kamata. Kin ga ke nan mace na iya zama da ƙiba kuma jininta bai cika ba.

Mu fara da jinin. Jiki na buƙatar wani sinadari da ake kira ayon, wato sinadarin ƙarfe, don ya ƙera jan jini, jan jinin nan kuwa shi ke ɗaukar iskar da muke shaƙa ya kai ta ko'ina a jiki. Mace na asarar sa duk wata, ciki na jan sa, haihuwa na zubar da shi, zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki su ma suna cin nasu. In haihuwa ta zo kusa da kusa, jiki bai mayar da abin da ya fita ba wani cikin ya shigo. To a haka kuma sai ki duba yadda muke rabon abinci. A zuba wa maigida da tsokokin, a zuba wa baƙi, a zuba wa yara, a aika wa maƙwabta, ita mai girkin sai ta kankare ƙanzo ta haɗa da ragowar yara ta ce ta ƙoshi da ƙamshi. Muna kiran wannan kara da kawaici, kuma halin kirki ne, amma Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wadda ke ɗauke da ciki ko take ba da nono ta fi kowa a gidan buƙatar wannan tsokar.

Nama da kifi da hanta su suka fi ba da sinadarin nan cikin sauƙi, sai dai mai ciki kada ta yawaita hanta. Na san halin da ake ciki, ba kowane gida ke ganin nama kullum ba. A nan ne abincin da muka raina a makaranta yake da ranarsa. Wake, waken suya da awararsa, gyaɗa, riɗi, daddawa, gero, zogale, alayyahu, rama, busasshen kifi, har fara in lokacinta ya yi. Hatsi shi kaɗai bai cika gina jiki ba, akwai abin da ya rasa wanda wake ke da shi, shi ma waken akwai abin da ya rasa wanda hatsi ke da shi. Shi ya sa shinkafa da wake, ko koko da ƙosai, ko kunun gyaɗa, suka fi a ci kowanne shi kaɗai. Ashe masu tsara abincin makarantarmu sun san abin da suke yi, ƙwarin ne kawai ba sa cikin tsarin.

Akwai wata dabara da ta koya mini wadda ban taɓa ji ba duk da karatuna. Sinadarin ƙarfen da ke cikin wake da ganye ba ya shiga jiki da sauƙi kamar na nama. Abu mai bitamin C na taimaka masa ya shiga, kamar lemon tsami, lemon zaƙi, gwaiba, gwanda, ɗanyen tumatir. Shayi kuwa tare shi yake yi. Saboda haka in kin yi kwaɗon zogale ki matsa lemon tsami ki yanka tumatir, shayin kuma ki jinkirta shi kamar awa guda bayan cin abinci. Ganye kada ki dafa shi har ya mutu ya canja kala, kuma ki rage jefa masa kanwa, don tana kashe wasu bitamin ɗin. Ke mai ciki, jar ƙwayar nan da 'yar ƙaramar rawaya da ake ba ki a wajen awo, ki sha su kullum kamar yadda aka ce. Bayan gida zai iya yin baƙi, wannan ba komai ba ne. Zancen da ake yi wai suna sa ɗa ya yi ƙaton kai haihuwa ta yi wuya, ba shi da tushe. Abin tsoro shi ne mace ta shiga naƙuda da jinin da bai cika ba, don ɗan zubar da wata za ta jure ita zai iya kayar da ita.

Yanzu mu koma kan uwargida mai ciwon gwiwa, don a nan ne 'Yar Wake ta faɗi maganar da ta tsaya mini a rai. Ta ce in tuna kakata. Na tuna. Kakata ma a kulle ta yi rayuwarta, ba ta zuwa kasuwa ba ta zuwa gona. Amma kafin rana ta take ta yi sussuka, ta yi surfe, ta yi bakace, ta yi niƙa a dutse ko ta daka a turmi, ta ja guga ya fi sau ashirin, ta faskara ice, ta wanke tulin kaya a tsugune, ta tuƙa tuwon mutum goma sha biyar. Duk wannan a cikin katanga huɗu. Tuwon da take ci da yawa ne, amma aikin na ƙone shi. Mu fa? Inji ya karɓi surfe da niƙa, mai kura ya karɓi jan ruwa, gas ko gawayi ya karɓi faskare, markaɗe ma yaro ake ba wa ya kai. Alhamdu lillahi, ni ba na fatan a koma wancan zamanin, iyayenmu sun sha wuya kuma bayansu ya gaya musu. Amma malmalar tuwon ba ta ragu ba, sai ma ƙaruwa da ta yi da farar shinkafa da taliya da fulawa da lemon kwalba. Aikin ya tafi, abincin ya zauna. Abin da jiki bai ƙone ba kuwa ajiye shi yake yi, kuma wurin ajiyar da ya fi haɗari shi ne ciki.

Kitsen da ke taruwa a ciki ya bambanta da na cinya ko na mazaunai. Shi yana kewaye hanta da hanji, yana sa jiki ya daina jin maganar sinadarin insulin, wanda aikinsa shi ne kwashe suga daga jini ya shigar da shi inda za a yi amfani da shi. In jiki ya daina saurarensa sai suga ya yi ta taruwa a jini shekara da shekaru ba ki sani ba, yana cin jijiyoyin ido da ƙoda da ƙafa a hankali. Hawan jini ma haka yake, ba ya sallama. Mata da yawa ba sa sanin suna da shi sai ranar da ɓarin jiki ya shanye.

Ga yadda za ki gwada kanki ba tare da sikeli ba, kuma wannan ita ce igiyar da take fara ba kowace sabuwar ɗaliba. Ki samu igiya ko zare mai kauri. Ki tsaya a miƙe ba takalmi, wata ta auna tsawonki da ita daga tafin ƙafa zuwa tsakiyar kai, ta yanke. Ki ninka igiyar biyu. Sai ki zagaya ta a cikinki, tsakanin ƙashin haƙarƙari na ƙarshe da ƙashin ƙugu, wajen saitin cibiya ko sama kaɗan, ba tare da kin shanye ciki ba. In bakin igiyar biyu sun haɗu, madalla. In sun ƙi haɗuwa, kitsen ciki ya fara yawa. Mai tef ɗin ɗinki kuma ta duba: ga mace, daga santimita 80 an fara shiga haɗari, daga santimita 88, wato kusan inci 35, haɗarin ya yi yawa. Mai ciki da sabuwar mai jego ban da su a wannan awon. Ni da na gwada a gabanta, tazarar da ta rage ta kai faɗin tafin hannuna, ta kalle ni kawai ta yi murmushi.

Na san abin da wata ke cewa a ranta yanzu. A wajenmu ƙiba ita ce shaidar an iya riƙo. Amarya ta yi wata uku ba ta ciko ba, sai dangi su fara tambaya ko lafiya, uwar miji ta fara jin kunyar ƙawayenta. Wannan matsin ne ke kai 'yan mata da matan aure ga ƙwayoyin nan da ake kira sha ka fashe. 'Yan uwa, yawancinsu maganin wasu cututtuka ne masu tsanani, wanda likita ke bayarwa da lissafi. Kumburin da suke sawa a fuska da ciki ruwa ne da kitse, kuma a tare da shi suna jawo suga da hawan jini, su raunana ƙashi, su rage wa jiki ƙarfin yaƙi da cuta. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke rana ɗaya, wannan ma haɗari ne. Ta je asibiti ta faɗi gaskiya, a rage mata a hankali.

Sai gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada ya wuce giram 5 a yini, wato kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma wannan ya haɗa da duk wanda ke cikin miya da burodi da yaji. Dunƙulen da muke jefawa a miya, babban kasonsa gishiri ne. Sai mu sa huɗu ko biyar, mu ƙara gishiri, mu kawo yaji wanda shi ma an daka shi da dunƙule. Ba ta ce a daina ba, don ta san ba za a ji ba. Ta ce ki rage ɗaya wannan makon, bayan mako biyu ki ƙara rage ɗaya, ki cike gurbin da daddawa da albasa da tafarnuwa da citta da busasshen kifi. Harshe na sabawa, har maigida ba zai lura ba in ba ki yi masa shela ba. Kanwa ma 'yar uwar gishiri ce wajen hawan jini. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa da zafin wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Binciken da aka yi daga baya ya nuna akwai wasu dalilan, har da rashin samun abinci mai kyau, amma dai mai jegon da ƙafarta ke kumbura, ko take kasa numfashi in ta kwanta, asibiti za a kai ta a ranar, kada a ce sai an yi arba'in.

Suga kuma, kwalba ɗaya ta lemon nan mai zaƙi na ɗauke da abin da ya kai ƙaramin cokali 8 zuwa 9. Zoɓo da kunun aya da muke yi a gida sun fi, in ba mu mayar da su ruwan alewa ba. Masu ciwon suga da yawa sun ɗauka in sun koma tuwon alkama ko acca shi ke nan, sai su ci malmala uku. Yawan shi ne magana. Awon da take ba su mai sauƙi ne: tuwo ko shinkafa kamar dunƙulen hannunki, miyar ganye ta fi tuwon yawa, sannan wake ko kifi ko ƙwai ko nama a gefe. Hatsin da ba a surfe shi ya yi fari tas ba ya fi riƙe ciki, kuma sugansa a hankali yake shiga jini.

To motsin fa, ga wadda ba ta fita? Wannan ita ce tambayar da na matsa mata a kai, don na san da ku nake magana. Ta ce a cikin ɗalibanta akwai waɗanda ba su iya zuwa gidanta ma, sai dai ta je ta nuna musu sau ɗaya su ci gaba. Abin da masana suka ce shi ne aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 sau biyar, kuma ba dole a yi shi a zama ɗaya ba. Minti 10 bayan kin idar da sallar asuba kafin gida ya tashi, minti 10 bayan abincin rana, minti 10 bayan na dare. Tafiyar bayan cin abinci na taimakawa wajen sauke sugan jini. Ki zagaya tsakar gidanki da sauri kamar wadda ta bar tukunya a wuta. Alamar kin kai yadda ake so ita ce numfashinki ya ɗan ƙaru, kina iya magana amma ba ki iya rera waƙa. In tsakar gidan ƙarami ne ko gidan haya ne mai idon jama'a, ki shiga ɗaki ki yi tafiyar a tsaye wuri ɗaya kina ɗaga gwiwa, rediyonki na kunne.

Kwana biyu a mako kuma a ba tsoka aiki. Ki zauna a bakin gado ki tashi ba tare da dafa komai ba, sau goma, ki huta, ki sake. Ki dafa bango da hannu biyu ki kai ƙirji kusa da shi ki tura kanki baya. Ki cika gorar ruwa biyu ki riƙa ɗaga su sama. Turmin da aka jingine a lungu kuma a sauke shi, ko da dakan yaji da na fura ne ki karɓa daga hannun yara wani lokaci. Wadda ke da kishiya ko facala da ake ɗasawa, ku yi tare, an fi dagewa in akwai mai tsokana. Wadda ba a ɗasawa kuwa, to kowa ta kama kusurwarta, Allah ya daidaita. Akwai wani gida, in ji ta, da matan suka mayar da abin kiɗan ƙwarya bayan la'asar, suna rawa suna dariya har gumi ya jiƙa su, tsohuwar gidan ce ma mai kiɗan.

Wadda ke ganin abin kamar rashin kamun kai ne ga matar aure, ta tuna Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda. Abu Dawuda ya ruwaito cewa ta yi tseren gudu da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta wuce shi. Bayan wani lokaci da jikinta ya yi nauyi suka sake, shi ya wuce ta.

A fara a hankali, musamman wadda ta daɗe ba ta motsa ba. Minti biyar ma farawa ce. In kin ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko numfashi ya ƙi, ki tsaya ki nemi a duba ki. Mai ciki na iya tafiyarta in lafiya lau take, amma mai zubar jini ko wadda aka ce ta kwanta, ko wadda aka yi wa aiki, sai ta tambayi ma'aikatan asibiti tukuna. In da hali a yi tafiyar nan a inda hantsi ke sauka, don hasken rana a fata na taimaka wa jiki ya samu bitamin D mai ƙarfafa ƙashi, mu kuwa da yawanmu daga ɗaki sai madafi sai rumfa.

Saura magana ɗaya, kuma da maigida nake, don na san wasunku na jin mu ko da sun yi kamar ba sa ji. Malam, kai ke cefane. Duk abin da muka faɗa, in ba ka kawo ba ba za a dafa ba. Kuɗin lemon kwalba biyu zai sayi ganye da wake da zai wadaci tukunya. Kuma in ta ce tana son zuwa a auna jininta, a bar ta ta je, ko ka kai ta da kanka kai ma a auna naka. Awon hawan jini ba ya cin minti biyar, in ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, kuma aka sake aunawa wata rana aka ga haka, to sai a fara kula. Ke kuma uwargida, abin da ke hannunki ki riƙe shi. Tsohon buhu ko fasasshen bokiti, a cika shi da ƙasa da taki, zai ba ki alayyahu cikin 'yan makonni da ruwan da kika wanke shinkafa. Reshen zogale in kin kafa shi a gindin katanga zai kama. Kaji biyu uku za su ba ki ƙwai, kuma ƙwan nan a ci shi a gida, ke da yara, zancen wai yaro zai koyi sata in ya ci ƙwai mu bar shi a inda muka same shi.

Da za mu rabu a gidan sunan, 'Yar Wake ta buɗe jakarta ta ciro ƙullin igiya ta yanka wa kowaccenmu daidai tsawonta. Tawa na rataye ta a ƙusar da nake rataye carbi. Sati uku ke nan ina zagaya tsakar gidana bayan asuba, yarana na leƙowa ta taga suna dariya, kuma na rage dunƙule ɗaya a miya ba wanda ya ce uffan. Igiyar ba ta haɗu ba tukuna, amma jiya na tashi daga kan tabarma ban dafa ƙasa ba.

A nan za mu dasa aya. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu shiga madafi mu haɗa garin kunun yara na gero da waken suya da gyaɗa, don haka a tanadi mudu da faranti. Wassalamu alaikum.